Bin Sawun Tairoyid: Abin Da Takardun Gwajin Jinina Suka Nuna Daga Janairu Zuwa Satumba

13 ga Janairu

Zan riƙa ajiye duk abin da ya shafi gwajin tairoyid ɗina, wato 'yar halittar nan da ke gaban wuya, a nan: ranar da aka ɗebi jini, ƙarfe nawa aka ɗiba, me nake sha a lokacin, me takarda ta ce. Likita ce ta ce in riƙa rubutawa, ni kuma na ga gara in ajiye shi inda wani zai amfana.

Abin da ya kai ni asibiti shi ne gajiyar da barci ba ya kawar da ita, jin sanyi a ɗakin da kowa ke fifita, taurin bayan gida, bushewar fata, gashi yana biyo mataji, sannan jinin al'ada ya ƙaru. Likita ta laluba gaban wuyana, ta ba ni ruwa na haɗiya tana kallo, ta ce babu maƙoƙo. Ba ta ɓoye min ba cewa waɗannan alamu ba na tairoyid kaɗai ba ne. Ƙarancin jini, ciwon sukari, damuwa da rashin isasshen barci duk suna kawo irinsu. Ta rubuta gwaje-gwajen tairoyid biyu, TSH da sakakken T4, da ƙidayar jini, da feritin mai nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki.

15 ga Janairu

An ɗebi jini wajen ƙarfe tara na safe. Gwajin tairoyid ba ya buƙatar mutum ya zo bai ci komai ba.

17 ga Janairu

Kafin sakamako ya fito na zauna na yi karatu, don kada a miƙo min takarda in tsaya ina kallon haruffa. Tairoyid wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, mai ɓari biyu haɗe a tsakiya. Tana ɗaukar sinadarin aidin daga jini ta haɗa homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ga sassan jiki, iri biyu, T4 da T3. Lambar tana nuna yawan aidin da ke jikin kowanne. Mafi yawan abin da take fitarwa T4 ne, amma T3 ne mai ƙarfin aiki, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasa ba daga wuya yake fitowa ba. Hanta da ƙoda da sauran sassan jiki ne ke cire aidin ɗaya daga T4 su mai da shi T3. Waɗannan homon biyu ne ke tsara saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji da yadda jiki ke ƙona abin da aka ci.

TSH kuwa ba daga tairoyid yake ba. Wata halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, take fitar da shi domin ta umarci tairoyid ta yi aiki. Kamar uwa ce mai kiran yaro: in yana amsawa da wuri ba ta ɗaga murya, in ya yi nauyin kunne sai muryarta ta hau. Don haka idan TSH ya hau, tairoyid ce ta yi rauni. Idan ya faɗi ƙasa, homon ne ya yi yawa. Duk wanda zai karanta takardarsa sai ya riƙe wannan, domin zuciya tana saurin ɗauka cewa lamba mai yawa tana nufin aiki mai yawa.

20 ga Janairu

Sakamako ya fito kuma ya ɗaure min kai. TSH 0.31, alhali iyakar da ke gefen takardar 0.4 zuwa 4.0 mIU/L ce. Sakakken T4 1.9, iyakarsa 0.8 zuwa 1.8 ng/dL. Bisa abin da na karanta, wannan hoton tairoyid ce mai aiki fiye da kima. Mai irin wannan takarda ya kamata a ce yana fama da zafi, gumi, rama, rawar hannu da faɗuwar gaba. Ni kuwa sanyi nake ji, kuma ƙiba nake ƙarawa. Hankalina ya tashi sosai, na kwana ina karanta bayanin cutar Graves, wadda garkuwar jiki ke tunzura tairoyid ta yi ta zuba homon.

Ƙidayar jini ta nuna himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, 11.1 g/dL. Ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Feritin ma ya yi ƙasa.

22 ga Janairu

Likita ta duba takardar, ta ajiye ta, ta kama hannuna ta ƙirga bugun jini: 62 a minti. Ta sa na miƙe hannaye, babu rawa. Ta duba idanuna. Sai ta ce, "Malama, takardar nan da jikinki ba su yi daidai ba. Ban da magani, me kike sha? Ko na gyaran gashi, ko na fata, ko na ƙarin kuzari?"

Tun da gashina ya fara zuba nake shan wata ƙwaya ta gashi da farce, har da safiyar ranar gwajin. Na nuna mata hoton kwalbar a waya. Bayotin ne, wani nau'in bitamin B, maikirogiram 10,000 a kowace ƙwaya. Abin da baligi ke buƙata a yini bai wuce 30 ba.

Bayanin da ta yi min shi ne wannan. Na'urorin gwaji da yawa suna amfani da nasu bayotin a matsayin abin maƙale homon ɗin da za su auna. In jinin mutum cike yake da bayotin, sai nasa ya riga na na'urar kama gurbin. A salon da ake auna TSH, hakan yana sa lamba ta sauka ƙasa da gaskiya. A salon da ake auna T4 da T3, yana sa ta hau. In aka haɗa biyun sai takarda ta yi kama da ta mai cutar Graves, alhali bayotin bai taɓa tairoyid ɗin kanta ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan wannan tun 2017, kuma ba gwajin tairoyid kaɗai ya shafa ba, har da troponin, gwajin da ake gano lalacewar tsokar zuciya da shi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar ɗibar jini tambaya ɗaya aka yi min, ko ina shan magani, kuma ba kowa ke lissafa ƙwayar gashi cikin magani ba. Da likitar mai gaggawa ce, da yanzu ina shan maganin rage aikin tairoyid wadda dama ta raunana. Ya kamata a ce sunan bayotin yana rubuce ƙarara a kan kowace takardar neman gwaji.

Ƙa'idar da likitocin tairoyid na Amurka suka bayar ita ce a daina aƙalla kwana biyu kafin gwaji. Ita ta ce in ajiye shi gaba ɗaya, mu maimaita bayan mako. Ta rubuta min maganin ƙarin jini.

27 ga Janairu

Mura da zazzaɓi sun kwantar da ni. Na yi wa likita waya, ta ce kada in je gwajin. Rashin lafiya mai ƙarfi yana dagula lambobin: T3 yana sauka, TSH yana iya sauka a tsakiyar ciwon, sannan ya hau na ɗan lokaci idan jiki ya fara murmurewa. Ta ce in bari in warke sarai, in ƙara makonni a kai. Ban so jinkirin ba, amma takarda ta biyu mai ruɗarwa ba za ta amfane ni da komai ba.

10 ga Fabrairu

Na warware. Ina ci gaba da maganin ƙarin jini. Yana ƙara min taurin bayan gida, likita ta ce in mai da shi kwana ɗaya in sha, kwana ɗaya in huta.

24 ga Fabrairu

An sake ɗibar jini, ɗakin gwaji ɗaya, ƙarfe tara kamar na farko. Na tsaya a kan lokacin ne da gangan, domin TSH yana hawa da sauka cikin yini: ya fi yawa da tsakar dare, ya fi sauka da yamma.

27 ga Fabrairu

TSH 7.4. Sakakken T4 1.0.

Jiki ɗaya, na'ura ɗaya, amma labarin ya juya baki ɗaya. Wannan karon takarda ta yi daidai da abin da nake ji. Likita ta kira shi raguwar aikin tairoyid a matakin da bai gama bayyana ba: TSH ya wuce iyaka, T4 yana cikin iyaka tukuna, ko da yake ta ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta yaya za a yi ɗaya ya lalace ɗaya yana lafiya. Ta ce fituwitari tana da saurin ji ƙwarai. Da T4 ya ɗan sauka kaɗan, ita sai ta ninka TSH sau da yawa, shi ya sa TSH ne ke fara nuna matsala, kuma shi ya sa da shi ake fara bincike. Tairoyid ɗina tana biyan buƙata, amma sai an matsa mata.

Na tambayi ma'anar sakakke da ke gaban T4. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 da ke yawo cikin jini ɗaure yake jikin wasu furotin masu dakonsa, ba ya aiki. Ɗan ragowar da ke sake shi ne yake shiga sassan jiki. Juna biyu da maganin tsarin iyali mai homon ɗin mata, istrojin, suna ƙara yawan waɗannan furotin, sai jimillar T4 ta hau ba tare da wata cuta ba. Saboda haka aka fi dogara da sakakken.

Na ɗauka daga nan sai magani. Ta ce a'a, sai an maimaita bayan wata uku. Raina bai yi daɗi ba, kuma na faɗa mata. "Likita, gajiyar nan fa ba jira take yi ba." Ta ce ta sani. Amma mutane da yawa masu TSH tsakanin 4 da 10 lambarsu tana komawa daidai da kanta, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba kamar ni. Jagorar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2019 ta ce a duba yiwuwar ba da magani idan TSH ya kai 10 ko fiye a gwaji biyu masu tazarar wata uku. In bai kai 10 ba, mutum bai kai shekara 65 ba, kuma yana da alamu, ana iya jarraba magani na wata shida, shi ma bayan gwaji biyu. Ta ƙara da cewa ga ƙarancin jini muna kan gyarawa, mai yiwuwa rabin gajiyar nasa ne.

Da na huce na ga hujjarta. Magani ne da yawanci in an fara sai a daɗe ana sha, wani har ƙarshen rayuwa. Wata uku ba su yi yawa ba a kan abin da za a ɗauka na shekaru, balle ni da takardata ta farko ta riga ta nuna min yadda lamba ke ɓata.

4 ga Maris

Maganar kuɗi. Ɗakin gwajin sun nuna min wani babban jeri da suke kira cikakken binciken tairoyid, har da jimillar T3 da wani juyayyen T3, kuɗinsa ya ninka na TSH sau da dama. Na kai wa likita jerin. Ta ce T3 yana da amfani idan ana zargin yawan aiki, amma a raguwar aiki shi ne na ƙarshen sauka, ba zai ƙara mana haske ba. Juyayyen T3 kuwa ba ya sauya komai a shawarar da za ta yanke. Hoton wuya ma ba ta ga dalilinsa ba tunda ba ta ji ƙulli ko kumburi ba. Abu ɗaya ta zaɓa, anti-TPO, gwajin sinadaran garkuwar jiki masu kai wa tairoyid hari. Ya fi TSH tsada, amma sau ɗaya ake yin sa. Na biya wannan kaɗai.

11 ga Maris

Anti-TPO ya fito sama da iyaka nesa ba kusa ba. Ma'anarsa garkuwar jikina ce ke kai wa tairoyid hari a hankali. Sunan cutar Hashimoto, daga likitan Japan Hakaru Hashimoto da ya bayyana ta a 1912 bayan nazarin tairoyid ɗin wasu mata huɗu. A inda mutane ke samun isasshen aidin, ita ce kan gaba wajen raunana tairoyid, kuma ta fi kama mata.

Girman lambar ya tsorata ni, sai likita ta ce ba girmanta ake yi wa magani ba, kuma ba za mu riƙa bin ta da awo ba. Amfaninta shi ne ta faɗi dalili, ta kuma nuna inda abin ya dosa. Akwai binciken da aka yi a garin Whickham na arewacin Ingila, aka bibiyi mutane shekara 20, aka wallafa a 1995. Matan da TSH ɗinsu ya hau kuma suna da waɗannan sinadaran garkuwa, kashi 4.3 cikin 100 ne ke shiga cikakkiyar raguwa a kowace shekara. Masu hawan TSH kaɗai, kashi 2.6. Na daɗe ina juya wannan lissafi. A shekara ɗaya ba shi da yawa, amma in an tara shekaru yana da nauyi. Ya ishe ni dalilin ci gaba da zuwa gwaji ko da na ji sauƙi.

20 ga Maris

Na gaya wa yayata, ashe ita ta daɗe tana shan maganin tairoyid ba ta taɓa sanin sunan cutar ba. Ta turo min takardarta tana cewa, "Ƙanwata, duba min, T4 ɗina 15 ne naki 1.0, ko dai nawa ya yi yawa?" Na ce, "Yaya, duba haruffan da ke gefen lambar." Nata pmol/L ne, nawa ng/dL. Ana raba na farkon da 12.87 a sami na biyun, don haka 15 ɗinta kusan 1.2 ne a ma'aunina. Lafiyarta ƙalau. Tun daga nan duk lambar da zan rubuta sai na haɗa da ma'auninta da iyakar ɗakin gwajin da ya fitar da ita.

Cutar tana bin dangi, don haka muka shawarta a duba Mama.

2 ga Afrilu

Babu sabon abu. Gajiyar ta ɗan ragu, sanyin yana nan.

14 ga Afrilu

Sakamakon Mama: TSH 5.6, T4 daidai. Shekarunta sun haura saba'in, kuma ba ta kukan komai. Likitanta ya ce ba za a ba ta magani ba, a dai maimaita. Yaya ba ta gamsu ba, ta ce yaya lamba za ta wuce iyaka a ce a bar ta. Na yi mata bayanin abin da na fahimta. Iyakar da ke kan takarda ana samo ta ne ta hanyar auna masu lafiya da yawa a ɗauki kashi 95 na tsakiya, wato dama akwai masu lafiyar da ke faɗawa waje. Kuma TSH yana ɗan hawa da shekaru, abin da ya yi wa 'yar shekara talatin yawa yana iya zama daidai ga 'yar saba'in. An yi wani gwaji mai suna TRUST a kan mutum 737 'yan shekara 65 zuwa sama masu irin lambar Mama, aka wallafa a 2017. Waɗanda aka ba maganin TSH ɗinsu ya sauka, amma gajiyarsu da sauran alamu ba su bambanta da na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki ba. In kuma maganin ya yi wa tsoho yawa, yana iya rikita bugun zuciya ya kuma rage ƙarfin ƙashi. Ina ganin likitan Mama ya yi daidai. Ni da ita lambobinmu ba su yi nisa da juna ba, amma shawarar da ta dace da kowa daban ce.

30 ga Afrilu

Wata abokiyar aiki ta kawo min ƙwayoyin ciyawar teku, ta ce suna farfaɗo da tairoyid. Na gode mata, ban sha ba. Cike suke da aidin. Baligi maikirogiram 150 yake buƙata a yini, mai ciki 250. Ƙarancinsa yana kawo maƙoƙo, gaskiya ne, amma matsalata ba ta ƙarancin aidin ba ce, kuma yawansa yana iya ƙara danne tairoyid ɗin mai Hashimoto.

27 ga Mayu

Ranar maimaita gwaji, kuma ba ta tafi yadda na tsara ba. Na isa da safe, aka ce sinadarin da na'urar ke aiki da shi ya ƙare, babu ranar zuwansa. Na tsaya ina shawara: in jira domin in ci gaba da ɗakin gwaji ɗaya, ko in je wani. Na kira likita, ta ce in je wani, amma in tabbata takardar ta zo da iyakokinsu. Kafin in isa, in yi rajista, layi ya zo kaina, ƙarfe uku na yamma ta yi. Abubuwa biyu da na so in riƙe ba sauyi, wuri da lokaci, duk sun kuɓuce a rana guda. Na rubuta su a nan domin a karanta sakamakon da saninsu.

30 ga Mayu

TSH 8.9, iyakarsu 0.27 zuwa 4.2 mIU/L. Sakakken T4 12.6, iyakarsu 12 zuwa 22 pmol/L, wato kusan 0.98 a tsohon ma'auni. Himoglobin ya hau zuwa 12.6 g/dL.

Likita ta ce ba za ta ce daga 7.4 zuwa 8.9 cutar ta ƙaru ba, tunda na'urorin daban ne. Abin da za ta iya tsayawa a kai shi ne sau biyu ke nan, wata uku tsakani, TSH yana sama da iyaka, wannan karon ma da yamma lokacin da ya kamata ya sauka. Jini ya gyaru amma sanyi da taurin bayan gida da rabin gajiyar suna nan. Ga anti-TPO. Ta ce, "Yanzu muna da hujja. Za mu jarraba na wata shida. In lamba ta daidaita amma ba ki ji wani bambanci ba, sai mu zauna mu sake tunani."

2 ga Yuni

Na fara lebotairoksin, maikirogiram 50. T4 ne da aka haɗa a masana'anta, daidai da wanda jiki ke yi. Wanda tairoyid ɗinsa ta daina aiki kwata-kwata ana lissafa masa kusan 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa. Tawa tana ɗan taɓukawa, don haka aka fara da kaɗan.

Shansa yana da ƙa'ida. Da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a ci abinci ko a sha kofi. Maganin ƙarin jini da kalsiyam da wasu magungunan ƙwannafi suna kama shi a hanji su hana shi shiga jini, sai an raba su da awa huɗu. Na mai da na ƙarin jinin bayan abincin rana. Wanda safiya ba ta yi masa ba yana iya sha lokacin kwanciya, in ya yi awa uku rabonsa da abinci.

16 ga Yuni

Ban ji wani sauyi ba tukuna. Maganin yana ɗaukar kusan mako kafin rabinsa ya fita daga jini, don haka sai ya yi makonni yana taruwa kafin ya tsaya a matsayi ɗaya. Dalilin da ya sa ba a auna TSH sai bayan mako shida zuwa takwas ke nan.

3 ga Yuli

Taurin bayan gida ya yi sauƙi. Na daina yawo da rigar sanyi a ofis.

21 ga Yuli

Na koma ɗakin gwajin farko, na'urarsu ta dawo aiki. Ƙarfe tara. Ban sha ƙwayar ba sai da aka gama ɗibar jinin, domin T4 yana ɗan hawa na wasu awanni bayan an haɗiye ta.

24 ga Yuli

TSH 4.9, sakakken T4 1.2 ng/dL. Ya sauko amma bai shiga iyaka ba. Kafin ta taɓa adadin, likita ta bi ni da tambayoyi: ina tsallake rana, me nake sha kusa da shi, an sauya min kamfanin ƙwayar? Na buɗe mata wannan rubutu, ta karanta. Ta ƙara zuwa 75. Ta ce in na ji faɗuwar gaba, rawar hannu, gumi ko rashin barci in kira ta, kada in jira ranar gwaji.

Yaya ta ce in roƙa a ƙara min da yawa tunda an ce yana rage ƙiba. Na ce mata ba zan yi ba. Nauyin da raguwar tairoyid ke ƙarawa ba shi da yawa, galibinsa ruwa ne da gishiri, kuma danne TSH ƙasa da iyaka da gangan zuciya da ƙashi ne ke biyan kuɗinsa.

12 ga Agusta

Babu faɗuwar gaba, barci lafiya. Gashin bai daina zuba ba, amma ya ragu. Likita ta ce shi ne mai zuwa a ƙarshe, yana ɗaukar watanni.

11 ga Satumba

Jinin da aka ɗiba ranar 8 ga wata, wuri ɗaya, lokaci ɗaya: TSH 2.2, sakakken T4 1.3 ng/dL. Feritin ya hau, za a ci gaba da maganin ƙarin jini na ɗan lokaci domin ajiyar ta cika. Sanyi ya tafi, jinin al'ada ya koma yadda na san shi, ina kai yamma a wurin aiki ban galabaita ba. Akwai sauran gajiya, kuma likita ta ce tunda TSH ya daidaita ba za ta ƙara magani saboda ita ba. Za ta duba bitamin B12, domin ƙarancinsa yana yawan haɗuwa da Hashimoto, ta kuma ce in fara rubuta awannin barcina.

Mun yi maganar haihuwa, tunda ina da niyya nan gaba. Ta fi son TSH ya kasance ƙasa da 2.5 kafin ciki ya shiga. Ranar da na tabbatar da ciki in sanar da ita ba tare da ɓata lokaci ba, domin buƙatar jiki tana ƙaruwa tun makonnin farko, ana ƙara maganin da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, kuma ana auna TSH kusan kowane mako huɗu har tsakiyar cikin. A watannin farko ɗan tayi da homon ɗin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa.

Tsarin gaba: ci gaba da 75, gwajin B12 mako mai zuwa, TSH a farkon Disamba lokacin da wata shidan za su cika, sannan zama da likita a kan ko za a ɗore da maganin. Gwajin Mama na biyu yana cikin Oktoba, ni zan raka ta, da safe, da takardarta ta Afrilu a hannu.